Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Bin Sawun Annoba da Auna Alƙaluman Ƙasashe

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karo sun karkata ga batu guda, wato yadda ake bin sawun annoba ta hanyar alƙaluman da hukumomin lafiya ke fitarwa, da yadda ake auna wata ƙasa da wata. Mun zaɓi kaɗan daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Yawancin misalan daga annobar korona muka ɗauko su, domin ita ce aka fi bibiyar alƙalumanta kullum-kullum, kuma ita ce aka fi yin gardama a kan ƙirgarta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A lokacin korona na riƙa duba jerin ƙasashe a intanet, kullum sai in tarar Amurka ce a sama wajen yawan waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu, alhali wasu ƙasashe ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Shin wannan yana nufin cutar ta fi tsanani a Amurka, ta kuma ƙyale waɗancan ƙasashe ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Jerin da ka riƙa dubawa bai yi ƙarya ba, sai dai abin da aka ƙirga kawai yake nunawa, kuma tsakanin abin da aka ƙirga da abin da ya auku a zahiri akwai tazara mai faɗi, wadda girmanta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Abu na farko da jerin ya ɓoye maka shi ne yawan jama'a. Amurka tana da mutum kusan miliyan 330, saboda haka ko da kaso kaɗan na mutanenta ne suka kamu, jimillar za ta zarce ta ƙaramar ƙasar da cutar ta shiga gida-gida. Shi ya sa masana ba sa auna jimilla da jimilla, sai sun raba ta da yawan jama'a, su ce mutum kaza cikin kowane dubu ɗari. A watan Mayun 2022 waɗanda aka rubuta cewa korona ta kashe a Amurka sun kai miliyan ɗaya, wato kimanin 300 cikin kowane mutum 100,000. A daidai wannan lokaci Peru, mai mutum kusan miliyan 33, ta rubuta mamata sama da 200,000, wato fiye da 600 cikin kowane 100,000. A jerin jimilla Amurka ta ba Peru rata mai nisa, amma da aka auna da yawan jama'a sai ga shi rashin da Peru ta yi ya ninka na Amurka. Wannan ma'auni ma yana da nasa tarkon idan ƙasa ta cika ƙanƙanta. San Marino mutanenta ba su wuce 34,000 ba, don haka rasuwar mutum goma kacal takan fito a lissafi a matsayin kusan 30 cikin 100,000, ta ɗaga ƙasar zuwa saman jeri cikin kwana ɗaya.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne gwaji. Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, to a nan ma sai an gwada akan san mai ɗauke da cuta. Duk wanda ka gani a jerin waɗanda suka kamu, mutum ne da aka ɗauki samfurinsa, aka kai ɗakin gwaje-gwaje, sakamako ya tabbatar, sannan wani ma'aikaci ya shigar da shi cikin rajista. Wanda ya yi zazzaɓi da tari a gida ya warke, ko ya rasu ba tare da an gwada shi ba, babu shi a lissafi. Ka ƙaddara yankuna biyu, kowanne da mutum miliyan ɗaya, kuma cutar ta kama mutum 20,000 a kowanne. Na farko ya gwada mutum 100,000, na biyu ya gwada 2,000 kacal. Ko da duk waɗanda yanki na biyu ya gwada sun fito da cutar, ba zai taɓa rubuta fiye da 2,000 ba, alhali na farko zai iya rubuta dubu goma ko fiye. Mai duba jeri zai ce na farko ne annoba ta yi wa katutu, ga shi kuwa cutar ɗaya ce a duka biyun.

Domin gane irin wannan giɓi ake duba kason waɗanda aka samu da cutar cikin waɗanda aka gwada. Idan cikin kowane gwaji ɗari ana samun arba'in, alama ce cewa marasa lafiya sosai kaɗai ake gwadawa, kuma akwai ɗimbin masu cutar da ba a gani ba. A watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kason ya tsaya ƙasa da biyar cikin ɗari har tsawon mako biyu kafin a ɗauka cewa an fara shawo kan annobar. Daga baya kuma an yi binciken jini, inda ake neman sinadaran kariya da jiki ke samarwa bayan kamuwa. A watan Afrilun 2022 hukumar ta fitar da ƙiyasin da aka gina a kan irin wannan bincike, cewa zuwa Satumbar 2021 mutum kusan miliyan 800 ne suka kamu a Afirka, alhali waɗanda aka rubuta miliyan 8.2 ne.

Akwai kuma inda shiru kawai aka yi. Tanzaniya ta daina fitar da alƙaluma a 2020 lokacin da adadinta yake 509, lambar ta zauna haka a jerin duniya fiye da shekara guda. Wannan ba sabon abu ba ne. Murar da ta game duniya a 1918 har yau ana kiranta murar Sifaniya, ba don a can ta samo asali ba, sai don Sifaniya ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, jaridunta suna da 'yancin ba da labarin cutar, yayin da ƙasashen da ke fagen daga suka danne nasu labarin.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Mun sha ganin marasa lafiya masu ciwon suga ko hawan jini da suka kamu da korona suka rasu. Wasu suna cewa an yi ta jingina wa korona mutuwar da ba tata ba, wasu kuma suna cewa an ɓoye adadin. Wace magana ce gaskiya, kuma ta yaya za a kwatanta mamatan ƙasashe idan kowacce da irin ƙirgarta?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kin taɓo inda gizo ke saƙar. Tun a watan Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'ida cewa a ɗauki mutuwa a matsayin ta korona idan mamacin an tabbatar yana da cutar ko ana kyautata zaton yana da ita, kuma rashin lafiyar da ta yi ajalinsa ta dace da alamominta, sai fa idan akwai wani dalili bayyananne kamar haɗarin mota. Bisa wannan ƙa'ida, mai ciwon suga da ya shekara goma yana lallaɓa cutarsa, korona ta zo ta kama masa huhu ya rasu cikin mako biyu, mamacin korona ne, domin ita ce ta kunna abin da ya kai ga rasuwar. Ƙa'idar a fili take, amma ƙasashe ba su bi ta bai ɗaya ba.

Beljiyam ta sanya waɗanda suka rasu a gidajen kula da tsofaffi cikin lissafi ko da ba a gwada su ba, matuƙar ana zargin cutar ce, shi ya sa ta daɗe a sahun gaba a farkon annobar, yayin da wasu ƙasashe a lokacin mamatan asibiti kaɗai suke ƙirgawa. Ingila da farko tana lissafa duk wanda aka taɓa samu da cutar ya kuma rasu daga baya, komai tsawon lokacin da ya shige. A watan Agustan 2020 aka taƙaita lissafin ga waɗanda suka rasu cikin kwana 28 bayan gwaji, nan take adadin ya ragu da fiye da 5,000. A Wuhan ta ƙasar Sin, ranar 17 ga Afrilun 2020, an ƙara mamata 1,290 a lissafi lokaci guda, jimillar birnin ta koma 3,869. Mafi girman gyara shi ne na Peru, wadda a ƙarshen Mayun 2021 ta sake nazarin rajistarta, adadin ya tashi daga kusan 69,000 zuwa sama da 180,000. Ba a ranakun da aka yi waɗannan gyare-gyare ne mutanen suka mutu ko suka tashi ba, ma'anar kalma ce aka sauya ko aka gyara rajista.

Domin kauce wa wannan rikici masana suka koma ga abin da za mu iya kira rarar mace-mace. Hanyar mai sauƙin fahimta ce. A duba mutum nawa ne suka saba rasuwa a wata ƙasa a kowane mako cikin shekarun da suka gabata, ko mene ne sanadi, a ƙiyasta adadin da ake sa ran gani a bana, sannan a cire shi daga adadin da aka gani a zahiri. Abin da ya rage shi ne rarar. Kyawun wannan ma'auni shi ne bai damu da an yi gwaji ko ba a yi ba, bai kuma damu da abin da likita ya rubuta a takardar shaidar mutuwa ba. Da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, a watan Mayun 2022, cewa an samu rarar mace-mace ta kusan miliyan 14.9 a shekarun 2020 da 2021, alhali mamatan korona da ƙasashe suka kai rahoto a wannan tsakani miliyan 5.4 ne. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce, ko da an samu wuraren da aka jingina wa korona mutuwar da ba tata ba, idan aka haɗa duniya gaba ɗaya, ragin da aka yi a ƙirga ya fi ƙarin nesa ba kusa ba.

A ganina rarar mace-mace ita ce ma'auni mafi adalci da muke da shi, amma tana da rauni biyu da ya kamata ki sani. Na farko, tana haɗa waɗanda cutar ta kashe kai tsaye da waɗanda suka rasu saboda asibiti ya cika ko saboda tsoron zuwa asibiti, tana kuma rage waɗanda suka tsira daga haɗarin hanya da mura saboda zaman kulle. Na biyu, sai ƙasa tana rubuta mamatanta tun asali kafin a san abin da ta saba gani. Wani rahoton hukumar na 2021 ya nuna cewa huɗu cikin kowace mutuwa goma a duniya ba a yi musu rajista, a yankin Afirka kuwa ɗaya cikin goma kaɗai ake rubutawa. A irin waɗannan wurare ƙiyasi ake yi da lissafin kwamfuta, kuma ƙiyasi yana jawo musu. Hukumar ta ƙiyasta wa Indiya rarar mutum miliyan 4.7, ninki kusan goma na abin da gwamnatin ƙasar ta bayyana, ita kuwa gwamnatin ta yi watsi da hanyar lissafin.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. Zanen da ake nuna yaɗuwar cuta da shi yana rikita ni. Wani layin yana hawa da sauka kamar haƙoran zarto, wani kuma a gefensa an rubuta 10, 100, 1,000 da tazara iri ɗaya. Yaya ake karanta su?

Amsa: Haƙoran zarton da kake gani ba halin cutar ba ne, halin ofis ne. A ƙarshen mako ɗakunan gwaje-gwaje da yawa suna rage aiki, ma'aikatan rajista suna hutu, sai adadin ya faɗi, ranar da aka dawo aiki kuma a zuba abin da ya taru lokaci guda. Maganinsa shi ne matsakaicin kwana bakwai, wato a tara adadin yau da na kwana shida da suka wuce a raba da bakwai. Kowane matsakaici yana ɗauke da dukkan ranakun mako, don haka layin yakan miƙe, a ga inda aka dosa.

Wani lokaci kuma za ka ga layi ya yi tsalle guda ɗaya ya dawo, to ka nemi bayanin da ke ƙasan zanen kafin ka firgita. A tsakiyar Fabrairun 2020 lardin Hubei na ƙasar Sin, inda Wuhan yake, ya ba da rahoton sabbin masu cutar kusan 15,000 a rana ɗaya, dalili kuwa shi ne an fara lissafa waɗanda likita ya gano ta hoton huhu da alamomi ko da gwaji bai tabbatar ba. A Ingila kuma, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon gwaji 15,841 ya zube daga lissafi saboda an yi amfani da tsohon tsarin jadawalin kwamfuta na Excel wanda yake da iyakar layukan da zai iya ɗauka. Kwanaki ana ganin kamar cutar ta lafa, da aka gano kuskuren aka mayar da su sai layin ya cilla sama. Saboda irin wannan ne masana suka fi son zanen da aka jera bisa ranar da aka ɗauki samfur ko ranar da mutum ya rasu, maimakon ranar da rahoto ya iso.

Zane na biyu da ka ambata shi ne ma'aunin ninki, inda kowane mataki ya ninka na ƙasansa sau goma. An zaɓe shi ne domin annoba a farkonta ninkawa take yi. Idan masu cutar 100 ne yau kuma suna ninkawa duk kwana uku, bayan kwana talatin za su kai 102,400. Idan kuwa duk kwana goma suke ninkawa, bayan wannan wata guda 800 kawai za su kai. A zane na yau da kullum, ƙasar da ke da mutum 500 ba a ma ganinta kusa da mai 500,000, ko da ita ce ke gudu fiye da kowa. A ma'aunin ninki gangaren layi shi ne sauri, don haka ƙasashe biyu masu layuka a jere suna tafiya da sauri ɗaya, ko da ɗaya ta riga ɗaya tashi. Haɗarinsa ga wanda bai saba ba shi ne, ɗan taƙi kaɗan a saman zanen yana iya zama dubban ɗaruruwan mutane.

Da wannan ake haɗa lambar yaɗuwa da ake wa laƙabi da R, wato mutum nawa ne mai cuta ɗaya ke harba a matsakaici. Idan R ta kai 1.5, mutum 100 za su harbi 150, su kuma su harbi 225. Idan 0.8 ce, 100 za su zama 80, sannan 64, annobar ta kama hanyar mutuwa. Ka kuma riƙe cewa duk waɗannan layuka labarin baya suke bayarwa. Ana ɗaukar kwanaki kafin alamomi su bayyana, wasu kwanaki kafin gwaji, sannan makonni kafin rasuwa, don haka mamatan da aka sanar yau sun kamu ne mako uku ko huɗu da suka wuce.

Tambaya: A ƙarshen Maris na 2020 na karanta cewa sama da kashi goma cikin ɗari na waɗanda suka kamu a Italiya sun rasu, a Jamus kuwa kusan kashi ɗaya ne. Asibitocin Italiya ne ba su da kyau?

Amsa: Asibitocin arewacin Italiya sun cika sun batse a wancan lokaci, kuma hakan ya taka rawa, amma mafi yawan bambancin daga lissafi ya fito. Kason da ka karanta mamata ne aka raba da waɗanda gwaji ya tabbatar. Jamus ta fara gwaji da wuri kuma da yawa, ta kama masu ƙaramin ciwo da matasa, sai adadin da ake rabawa da shi ya yi girma, kason ya yi ƙasa. Italiya kuwa a lokacin ta fi gwada waɗanda suka galabaita.

Sai kuma shekaru. Haɗarin mutuwa daga korona yana hauhawa sosai da tsufa, kuma a Italiya kusan kashi 23 cikin ɗari na jama'a sun haura shekara 65, alhali a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kason bai wuce uku cikin ɗari ba. Ga misali na ƙaddarawa domin ka ga yadda shekaru ke juya lissafi. Yanki na farko yana da marasa lafiya dubu, 900 matasa da tsofaffi 100, matasa 9 da tsofaffi 20 suka rasu, jimilla 29. Yanki na biyu shi ma dubu ne, amma matasa 400 da tsofaffi 600, matasa 2 da tsofaffi 90 suka rasu, jimilla 92. A dunƙule yanki na biyu ya ninka na farko fiye da sau uku. Amma duba rukuni-rukuni: cikin matasa, na farko ya rasa kashi ɗaya cikin ɗari, na biyu rabin kashi ɗaya, cikin tsofaffi kuma na farko ya rasa kashi 20, na biyu kashi 15. Wato yankin da ake gani ya fi muni shi ne ya fi ceto a kowane rukuni. Shi ya sa kwatanci na gaskiya sai an daidaita shekaru, a lissafa kowace ƙasa kamar tsarin shekarun jama'arsu ɗaya ne.

Tambaya: Malam, idan ƙasa ɗaya ta yi dokar kulle, wata ba ta yi ba, ba sai a kwatanta mamatansu a san ko dokar ta yi amfani ba?

Amsa: Ana yin haka, kuma akwai misalin da masana suka daɗe suna kafa hujja da shi. A murar 1918, birnin Filadelfiya na Amurka ya ga masu cutar na farko a tsakiyar Satumba, duk da haka ya bar wani gagarumin jerin gwano ya gudana ranar 28 ga watan, bai rufe makarantu da wuraren taro ba sai 3 ga Oktoba. Birnin Sent Luwis kuwa ya rufe nasa cikin kwana biyu da ganin masu cutar na farko a farkon Oktoba, kuma ƙololuwar mace-macensa ba ta kusanci ta Filadelfiya ba. Da ya sassauta dokar a watan Nuwamba sai cutar ta sake tasowa, abin da ya ƙara ƙarfafa zaton cewa dokar ce ta danne ta.

Amma ka lura da abin da ya sa wannan kwatanci ya yi ƙarfi: birane biyu ne a ƙasa ɗaya, a kaka ɗaya, da cuta ɗaya. Da zarar an tsallaka iyaka abubuwa sukan cakuɗe. Ƙasar da cutar ta fi yi wa ɓarna ita ce takan kafa doka mafi tsauri, don haka wanda ya jera ƙasashe zai iya ganin tsananin doka da yawan mamata suna tafiya tare, ya yi zaton dokar ce ta jawo mutuwa, alhali mutuwar ce ta jawo dokar. Mutane kuma sukan janye jiki da kansu idan suka ji labarin asibiti ya cika, ko da hukuma ba ta ce komai ba. Ga cunkoson gidaje, ga yanayin sanyi da zafi, ga lokacin da cutar ta shigo.

Suwidin ita ce misalin da kowane ɓangare ke ja. Ba ta yi kulle mai tsanani ba a 2020. Wanda ya auna ta da Italiya ko Sifaniya ko Birtaniya zai ga mamatanta a waccan shekarar, bisa yawan jama'a, sun fi nasu ƙaranci. Wanda ya auna ta da maƙwabtanta Norwe da Finlan da Denmak, waɗanda suka fi kama da ita a yanayi da tsarin rayuwa, zai ga ta fi su rashi sosai. Alƙaluman duka daidai ne, zaɓen abokin awo ne ya bambanta, kuma ni dai na fi yarda da awon da aka yi da maƙwabci.

Tambaya: Su wane ne ke tattara waɗannan alƙaluma tun farko? Kuma yanzu da mutane suka daina zuwa gwaji, da me ake gane cewa wata cuta na tasowa?

Amsa: Tushen kowace lamba shi ne asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje, daga nan ta hau zuwa hukumar lafiya ta yanki, zuwa ma'aikatar lafiya ta ƙasa, sannan zuwa Hukumar Lafiya ta Duniya. Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda ƙasashe 196 suka amince da su, sun wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da hukumar cikin awa 24 bayan ta tantance cewa wani abu da ya ɓulla zai iya zama barazana ga sauran ƙasashe. Hukumar ta samu labarin ciwon huhun Wuhan ranar 31 ga Disambar 2019, ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya ranar 30 ga Janairun 2020, ta kuma kira shi annobar duniya ranar 11 ga Maris. Taswirar nan mai jajayen ɗigo da mutane da yawa suka riƙa dubawa kuwa ta Jami'ar Johns Hopkins ce, wadda Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong suka buɗe ranar 22 ga Janairun 2020. Ba su ƙirga kowa da kansu ba, abin da hukumomi suka wallafa suke tattarawa wuri ɗaya, don haka duk giɓin da ke tushe yana nan a taswirar.

Tsarin gaba ɗaya a kan amana ya tsaya, kuma amanar takan ci mai ita. Ranar 24 ga Nuwambar 2021 Afirka ta Kudu ta sanar da sabon nau'in ƙwayar cutar da aka sa wa suna Omicron, domin masananta suna bibiyar tsarin halittar ƙwayar da kyau. Cikin 'yan kwanaki ƙasashe da dama suka rufe wa kudancin Afirka ƙofa. Daga baya Holan ta gano nau'in a cikin samfuran da aka ɗauka a can tun kafin sanarwar. Idan sakayyar mai faɗin gaskiya ita ce a killace shi, ba abin mamaki ba ne wani ya zaɓi yin shiru a gaba.

Game da tambayarka ta biyu, gaskiya ne ƙirgar kullum ta mutu. Johns Hopkins ta daina tattara alƙaluma ranar 10 ga Maris na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ɗage dokar ta-ɓacin ranar 5 ga Mayun 2023. Tun kafin nan gwajin gida ya lalata lissafin, domin mai gwada kansa a ɗaki ba ya kai rahoto. Abin da aka dogara da shi yanzu shi ne yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti, da wasu zaɓaɓɓun asibitoci da ke gwada masu mura da tari a kai a kai domin su zama ma'aunin sauran, sai kuma ruwan ƙazanta na magudanan birni. Mai ɗauke da ƙwayar cutar yana fitar da ɓurɓushinta a bayan gida ko yana da alamomi ko ba shi da su, don haka kwalba ɗaya daga matattarar ruwan tana ba da labarin dubban gidaje ba tare da an tambayi kowa ba. Masu yaƙi da shan inna sun daɗe suna amfani da wannan dabara, da ita ma aka gano ƙwayar shan inna a magudanan Landan a 2022, kuma masu bincike a Holan sun gano ƙwayar korona a ruwan ƙazanta tun a watan Maris na 2020. Sai dai ba ta faɗin mutum nawa ne suka kamu, ruwan sama da ruwan masana'antu suna tsarma samfurin, kuma unguwar da ba a haɗa ta da magudana ba ba ta shiga awon. Saboda haka an fi amfani da ita wajen auna birni da kansa, makon jiya da na yau, fiye da auna birni da wani birni.